Waiwaye: Shekara Ɗari Matafiyin Yamai Yana Neman Bakin Dogo

Duk wanda ya tashi daga Gudel, tsohon ƙauyen nan na bakin kogin Isa da birnin Yamai ya haɗiye, da niyyar doguwar tafiya, hanyoyi huɗu ne a gabansa. In ya bi gaɓar kogi ya haura, sai Tillaberi, Ayoru da Gawo. In ya haye ruwa, sai Torodi da Wagadugu. In kuwa ya ratsa gari ya yi gabas, a Dosso hanya za ta rabe masa biyu: ɗaya ta gangara Gaya ta faɗa Benin, ɗaya ta miƙe Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi har Kano. A ƙarshen kowace daga cikin hanyoyin nan an shimfiɗa layin dogo, amma babu ko ɗaya da ya taka ƙasar Nijar. Saboda haka tun da mota ta shigo, lissafin matafiyin Yamai ɗaya ne: a wane gari mota za ta miƙa ni ga jirgin ƙasa, kuma iyaka nawa ce tsakanina da shi?

Kafin mota

Tsara tafiya zango-zango ta girmi mota nesa ba kusa ba. Fataken goro masu tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sun daɗe suna haye kogin nan ta wajen Yawuri, Illo da Gaya, su ratsa ƙasar Bargu, su bi Sansanin Mango da Yendi kafin su sauke kaya a Salaga. Tafiyar watanni ce, ba a yin ta da ka. Madugu ke riƙe da lissafin hanya: inda ruwa yake, inda za a yada zango, sarkin da za a biya garama, da mashigin da za a ba kuɗin fito. Jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na tara abin da za a biya, a manyan garuruwa kuma mai masauki na jira. Ruwa, izinin wucewa da masauki su ne ginshiƙin shirin, kuma duk sauyin da aka samu daga baya bai kawar da ko ɗaya ba.

Hanyar hamada

A ƙarshen 1924 wasu motocin Citroën guda takwas masu sarƙa a ƙafafun baya suka taso daga Colomb-Béchar a kudancin Aljeriya, suka ratsa hamadar Tanezrouft, suka fito bakin kogi a Burem, suka gangaro Yamai kafin su wuce Damagaram da tafkin Cadi. Shekara biyu bayan haka, a 1926, Faransawa suka ɗauke hedikwatar Nijar daga Damagaram suka dawo da ita Yamai. Gari ya samu ma'aikata Turawa, su kuma suna bukatar hanyar zuwa hutu gida.

Kamfanin Compagnie Générale Transsaharienne ya ga kasuwa a nan. Ya sa motocin haya tsakanin Colomb-Béchar da Gawo, daga baya layin ya iso Yamai ta hanyar gaɓar kogi, wadda ke shigowa gari ta ɓangaren Gudel. Bature mai zuwa hutu sai ya shirya tafiyarsa kashi-kashi. Mota ce za ta kai shi Gawo, daga nan a shiga Tanezrouft inda babu rijiya babu inuwa, sai wata 'yar tasha ta shan mai da ake kira Bidon V, a wuce Reggane da Adrar. A Colomb-Béchar ya hau jirgin ƙasa zuwa Oran, ya shiga jirgin ruwa zuwa Marseille, ya sake hawa jirgin ƙasa zuwa Paris. Motocin ba sa tashi sai lokacin sanyi, don da bazara hamada ba ta ratsuwa. A 1933 aka buɗe layi na biyu ta gabas, daga birnin Aljiyas ta Tamanrasset, Agadas da Damagaram har Kano.

Faransawa sun yi mafarkin maye gurbin motocin da jirgin ƙasa. A 1941 gwamnatin Vichy ta ƙaddamar da aikin layin da ta sa wa suna Méditerranée-Niger, wanda aka ce zai haɗa tekun Bahar Rum da kogin Isa. Aikin bai yi nisa ba, ya tsaya a Abadla, kudu kaɗan da Colomb-Béchar. An laƙaba wa layin sunan Nijar bai iso ba, kuma ba shi kaɗai ne ya yi haka ba.

Duk wannan hidimar ta Turawa ce. Samarin Zabarmawa da Hausawa masu zuwa cin rani Kumasi a ƙasa suke takawa, in sun samu babbar mota su ɗare bayanta, su sauka inda kuɗinsu ya ƙare, su yi ƙwadago, su ƙara gaba.

Parakou, tashar Nijar a ƙasar wasu

Layin da ya fi kowane shiga rayuwar mutanen yammacin Nijar shi ne na Dahomey. An fara shi daga Kwatano a farkon ƙarni na 20, ya iso Parakou a tsakiyar shekarun 1930, tsawon kilomita 438, ya tsaya cak. Daga Parakou zuwa Yamai akwai sauran sama da kilomita 600 na mota, ga kogi a tsakanin Malanville da Gaya da sai an jira kwale-kwale ko babban jirgin fito.

Gyaɗa ce ta raya wannan hanya. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta saba bin Kano zuwa Legas, abin da bai yi wa Faransawa daɗi ba, tunda kuɗin sufuri aljihun Ingilishi yake shiga. A farkon shekarun 1950 suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle: a rangwanta kuɗin dako, motoci su sauko da gyaɗa Parakou, su koma da kayan da jirgin ƙasa ya hauro da su daga bakin teku. A 1958 aka gama gadar Gaya zuwa Malanville. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN, wadda ta koma OCBN bayan da Dahomey ta zama Benin a 1975. Nijar ta zama mai rabo a kamfanin jirgin ƙasa, alhali ba ta da ko taku ɗaya na dogo a ƙasarta.

Ɗan kasuwa ko ɗalibi mai zuwa Kwatano a shekarun 1960 da 1970 ya san darasinsa. Ya kama mota a Yamai, ya yi sallah a Dosso, ya sauka a Gaya a duba takardu da katin allura, a sake dubawa a Malanville, sannan a kama hanyar Kandi. Babban abin lura shi ne a isa Parakou kafin jirgi ya tashi. Wanda ya makara, kwana ya kama shi a tasha, ya shimfiɗa tabarma ya yi matashi da jakarsa, in ba ya da ɗan'uwa a unguwar Zongo. Jirgin kuma ba ya gaggawa. Yana tsayawa Tchaourou, Savè, Dassa da Bohicon, mata 'yan talla na bin tagogi da tire a ka, ana miƙa kuɗi ana karɓar doya da abarba kafin ƙaho ya sake kaɗawa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma kuɗin jirgi bai kai na mota ba, ga damar ɗaukar kaya masu nauyi.

Abijan da Kano

Ta yamma ma labarin bai sauya ba. Layin da ya taso daga Abijan sunansa ma Abidjan-Niger, amma ya iso Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, ya tsaya, saura kilomita fiye da 500 zuwa Yamai. Kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970, mai zuwa Wagadugu sai ya fara da jiran jirgin fito a bakin kogi. A shekarun 1970 da 1980 wannan hanya ta yi tashe, domin Abijan ta zama wurin neman kuɗi ga dubban 'yan Nijar, kuma jiragen fasinja irin su Gazelle da Bélier sun yi suna wajen sauri da tsabta. A 1985 Shugaba Thomas Sankara na Burkina Faso ya tara jama'a suka shiga shimfiɗa dogo da hannunsu daga Wagadugu zuwa Kaya. Layin ya matso kilomita kusan 100, a nan ya ƙare.

Mutanen Maraɗi, Tawa da Damagaram su Najeriya ce ta fi musu kusa. Jirgi ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Kowace daga cikin tashoshin nan uku ta zama ƙofar wani yanki na Nijar. Maniyyata ma da mota da jirgin ƙasa suka riƙa haɗa hanyar Makka kafin jirgin sama ya yawaita: Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ake kira Njamena a yau, Abeshe, Junaina da Fashir duk a bayan babbar mota, sannan a hau jirgin ƙasa a El Obeid, ko a Nyala bayan 1959, zuwa bakin Bahar Maliya. Wasu sun yi shekaru a hanya suna noma auduga a Sudan don haɗa guzuri, wasu ma can suka zauna, jikokinsu na nan har yau.

Baƙi masu Fijo

Akwai wani zamani da Yamai kanta ta kasance zangon ƙarshe a tsarin hutun Turawa. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, samarin Faransa, Jamus, Holan da Suwizalan sukan sayi tsohuwar Fijo 404 ko 504, su sa ta a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljeriya, su biyo Ghardaïa, In Salah da Tamanrasset, su shigo ta Assamaka, Arlit da Agadas. Da aka kwalta hanyar yuraniyom daga Arlit zuwa Tawa a wajejen 1980, sauran tafiyar ta zo da sauƙi. Su iso Yamai da ƙura har gira, jarkokin ruwa da na mai ɗaure a saman mota, su kafa tanti a sansanin baƙi na Yantala, maƙwabciyar Gudel. Dillalai na zagaya motar suna buɗe gaba suna sauraren inji. In ciniki ya faɗa, kuɗin mota ya biya tikitin jirgin sama na komawa gida, motar kuma ta shiga layin tasi ko ta zama ta haya tsakanin garuruwa. Tseren motocin Paris zuwa Dakar na farko, a farkon 1979, shi ma ta Agadas da Yamai ya biyo. Tawayen arewacin Nijar da yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992 su suka rufe wannan babi.

Bas ta ci kasuwa

Yayin da kwalta ke ƙaruwa, jiragen ƙasa na maƙwabta suna tsufa. Kamfanin gwamnati na SNTN da aka kafa a 1963 ya daɗe yana riƙe da manyan hanyoyi, daga baya aka ware SNTV don fasinja. Sai 'yan kasuwa suka shigo da manyan bas-bas masu sanyi: Rimbo, EHGM, Aïr Transport, Sonef, Azawad da sauransu. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba biza har kwana 90, ta 1982 kuma ta kawo katin inshorar mota guda da ke aiki a duk ƙasashen. Shingayen jandarma da 'yan duwan ba su ragu ba, hannu bai daina shiga aljihu ba, amma aƙalla an san hanya a buɗe take.

Shirin tafiya ya koma abu mai sauƙi. Ka yanki tikiti, ka kai kayanka a auna tun da yamma, ka dawo tasha cikin dare, bas ta tashi kafin asalatu. A tsaya a yi sallah, a sayi kilishi da ruwan leda, a ci gaba. Tikiti guda ya kai ka Kwatano, Lome, Akara ko Abijan. Kuɗin guzuri ma ba sai an ɗinke shi a cikin wando ba, tunda ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza a kusan kowane gari. Jirgin fasinja na Parakou bai iya wannan gasa ba, ya daina aiki a tsakiyar shekarun 2000. Na Abijan zuwa Wagadugu ya yi ta jan ƙafa har annobar korona ta tsayar da shi a 2020.

Tasha ba jirgi

A watan Afrilun 2014 aka yi gagarumin biki a Yamai. Shugaba Mahamadou Issoufou, tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo, suka buɗe tashar jirgin ƙasa ta farko a tarihin Nijar. Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya ɗauki aikin, da alkawarin zagayen dogo da zai haɗa Abijan, Wagadugu, Yamai da Kwatano. A watan Janairun 2016 aka ƙaddamar da kashin Yamai zuwa Dosso, kilomita 143.

Daga nan komai ya tsaya. A Benin, kamfanin Petrolin na attajiri Samuel Dossou ya kai ƙara cewa shi aka fara ba aikin, kotu kuma ta ba shi gaskiya. Tsakanin Dosso da Parakou akwai fiye da kilomita 450 da ba a sa ko ƙarfe ɗaya ba. Layin da ya tashi daga Yamai ya ƙare a Dosso ba ya da abin ɗauka, domin kaya daga teku suke zuwa, mai zuwa Dosso kuwa mota ta ishe shi. Bikin ya wuce, jirgin haya bai fara aiki ba.

Zango ya dawo

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro. Gadar Gaya ta zama ba ta ratsuwa. Bas ta sauke fasinja a Gaya, 'yan dako su kwashi kaya zuwa bakin ruwa, a yi cinikin fito da masu kwale-kwale, a haye, a nemi wata bas a Malanville. Manyan motocin kaya suka koma dogon zagaye daga Lome ta Burkina Faso, Kaya, Dori da Tera, a jere cikin ayari da rakiyar soja. Hanyar Torodi zuwa Fada N'Gourma da ta Ayoru zuwa Gawo kuwa, sai an tambayi direbobi labarin jiya kafin a yanki tikitin gobe. Abin mamaki, a 2021 ne aka buɗe gada ta uku a kan kogin, mai sunan Janar Seyni Kountché, a nan wajen Gudel. Haye kogi a Yamai bai taɓa yin sauƙi kamar yau ba, amma abin da ke gaba da gadar ya fi da wuya.

In aka waiwayi Turai

Wanda ya samu zuwa ziyara ko hutu Turai daga nan yakan yi mamakin sauƙin yawo a can. Daga Paris zuwa Brussels kusan tazarar Yamai da Gaya ce, amma jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa ɗaya da rabi ba yake kai ka. Ba wai ƙasashensu sun fi kusa da juna ba ne. Mafi yawansu faɗin dogonsu ɗaya ne, milimita 1,435, kuma tun 1995 da yarjejeniyar Schengen ta fara aiki suka cire shingaye a tsakaninsu. Baƙo na iya sayen tikitin Eurail da ke aiki a ƙasashe da dama, ko da yake jiragen masu gudu sai an kama kujera daban da ƙarin kuɗi. In zai shiga ƙauyuka ya yi hayar mota, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya kuma sani cewa ɗaukar mota a wata ƙasa a ajiye ta a wata yana da tsada. Ingila tana wajen Schengen, bizarta daban, duk da cewa tun 1994 jirgi ke ratsawa ta ƙarƙashin teku zuwa Landan.

Wahalar ɗan Nijar a gida take, kafin ya tashi. Bizar Schengen yuro 90 ce, kusan jika 59 na sefa, kuma ana neman ta ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Za a nemi ka nuna jerin garuruwan da za ka bi, inda za ka kwana a kowane, inshorar lafiya ta yuro 30,000 da shaidar kuɗin guzuri. Tambayoyin madugu ne aka mayar kan takarda. Ga shi Air France ta daina zuwa Yamai tun Agustan 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a farkon 2024, don haka mai zuwa Paris sai ya zagaya ta Kasabalanka, Istanbul ko Adis Ababa.

Abin da ya rage

Ido yanzu yana kan layin Kano zuwa Maraɗi, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal. In ya kammalu, shi ne karo na farko da dogo zai ƙetaro iyaka ya shigo Nijar. Sai dai akwai abin dubawa. Sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon na Najeriya 1,067, na Benin da na Abijan da na Yamai zuwa Dosso kuwa mita guda. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Kuma ko ranar da jirgi ya tsaya a Maraɗi, mutumin Yamai sai ya yi kilomita sama da 600 a mota kafin ya hau.

Tarihin shekara ɗari ya nuna cewa ba ƙarfe ko kuɗi kaɗai ke kawo jirgi ƙasar da ba ta da teku ba, sai da jituwa da maƙwabci mai ɗorewa fiye da wa'adin shugaba guda. Don haka duk wanda ya sake zuwa mana da alkawarin dogo, kafin a buga ganga a yanka ƙyalle, mu tambaye shi abu uku: daga ina zai taso, da wane layi zai haɗu, kuma wa ya sa hannu cewa iyakar za ta zauna a buɗe.